Hannun Inna

Mai Hoto mutum ne da ba ya yar da komai. Agogon hannunsa irin wanda ake murɗawa kowace safiya ne, rediyonsa kuwa sai an ɗan mare shi a gefe yake magana. A kan kantar shagonsa akwai kyamarori goma sha ɗaya, duk masu cin fim, kuma ya san halin kowacce fiye da yadda ya san halin surukansa. Babbar 'yarsa, wadda ta haifi uku ta aurar da ɗaya, ita ke riƙe da gaban shagon, tana ɗaukar mutane hoton fasfo da kwamfuta cikin minti biyar. Shi yana can ciki da tarkacensa, hankalinsa kwance. Idan ta tsokane shi ta ce wayarta ta fi kyamarorinsa duka, sai ya ce, "To, Allah ya ba wayar lafiya," ya ci gaba da goge gilashi.

Wata ranar Talata da hantsi sai ga Yayarsa ta shigo tana dogara sanda, da ƙunshin tsohon zane a hammata. Su biyu kaɗai suka rage a 'ya'yan Inna, kuma duk furfurar da ta cika masa kai, har yau Auta take ce masa.

"Auta, karɓi kayanka," ta ce. "A ƙasan akwatin marigayi maigidana na tsinta, cikin rigunan sanyi."

Ya kwance ƙunshin, sai ya nemi kujera ya zauna. Kyamararsa ce ta farko, baƙa, mai igiyar fata. Shekara talatin da ɗaya ke nan da mijin Yaya ya are ta zai yi tafiya, ya dawo ya rantse ya maya cewa an sace ta a tasha. Allah ya jiƙansa, amma mutumin nan ya iya rantsuwa.

'Yar ta leƙo, ta miƙa hannu za ta ɓalle murfin bayan kyamarar ta ga cikinta. Ya buge hannun, abin da bai taɓa yi mata ba tun tana yarinya.

"Baba, lafiya?"

"Ba a buɗe bayan kyamara sai an tambaye ta," ya ce. Ya kama ɗan maɓallin da ake naɗe fim da shi, ya juya a hankali. Maɓallin ya yi tauri. "Kin ji? Akwai fim a ciki. Da kin buɗe, haske ya cinye shi kafin ki ƙifta ido."

Yaya ta gyara zama. Ita ma ta tuna abin da ya tuna. Inna, mahaifiyarsu, ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba duk tsawon rayuwarta, wai ita ba abin kallo ba ce. Sau ɗaya tak ta yarda, bayan ya yi wata guda yana lallashi, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya ɗauka. Washegari aka are kyamarar. Bayan wata huɗu Inna ta rasu, ba a bar ko hoto ɗaya nata a duniya ba.

"Fuskarta ta fara ɓace mini, Auta," Yaya ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "In na rufe ido ina ganin ɗankwalinta, ina ganin tabarmar, amma fuskar ba ta zuwa. Abin yana damuna ƙwarai."

'Yar ta ce a aika fim ɗin babban shagon da ke da injin wanke hoto, kafin la'asar an gama. Mai Hoto ya kalle ta kallon da ake yi wa wanda ya ce a wanke jariri da ruwan zafi. Injin bai san shekarun fim ba, ya ce, yadda yake yi wa na jiya haka zai yi wa wannan, ya dafa shi. Tsohon fim ruwa mai sanyi yake so, da magani tsararo, da haƙuri.

Ya shiga ɗakin duhunsa ya ja ƙofa, ya toshe ƙasanta da tsumma. A nan ko jan ƙwan lantarki ba a kunnawa sai fim ya shiga gwangwanin da ake wanke shi a ciki, komai da yatsu ake yi. Gaskiyar magana, tsoro ya kama shi. Hannunsa ya fara rawa tun bara, bai gaya wa kowa ba, kuma fim ɗin ya bushe ya nannaɗe, yana ƙara ƙas-ƙas kamar busasshen ganye. Sau biyu yana kuɓuce masa daga bakin faifan da ake naɗa shi. A karo na uku ya tsaya, ya goge gumin tafinsa a riga, ya yi bisimilla, ya bi shi kaɗan-kaɗan har ya shige duka. Ya rufe gwangwanin, ya zuba magani, ya tsaya yana juyawa yana duban agogo, minti goma sha huɗu cur.

Daga waje yana jin Yaya tana cewa, "Ya mutu ne a ciki?" 'yar kuma tana cewa, "Gwaggo, haka yake, in ya shiga nan ko gobara ba ta fito da shi."

Da ya rataye fim ɗin ya ɗaga shi ga haske, sai ya ga ɓarna. Rabinsa ya yi baƙi ƙirin, zafin akwati ya gama da shi. Sai wasu hotunan motoci da wata gada, aikin mijin Yaya, duk a karkace. Can kusa da farko ya ga bakin ƙofa da mutum zaune. Ya jira ya bushe, ya haska shi a kan takarda, ya tsoma ta a faranti, ya sunkuya yana kallo a jan haske har hoton ya taso.

Ya fito da takardar a hannu. Ashe Inna ta motsa. A daidai lokacin da ya danna, ta juya kai, fuskar ta zama hazo-hazo, ba ido ba hanci. Abin da ya fito tsaf shi ne hannunta na dama, a ɗage, ɗan yatsa a miƙe yana nuna mai ɗaukar hoton, da zoben azurfa da tabon ƙuna a wuyan hannu. Ransa ya ɓaci, ya ji kunyar Yaya, don fuska ta zo nema.

'Yar ta karɓa ta ce kada kowa ya damu. Ta ɗauki hoton da waya, ta tura wa kwamfuta, ta yi 'yan danne-danne, sai ga fuska ta fito a allo, tsohuwa kyakkyawa mai murmushi, haƙora reras. Tsakani da Allah ta yi ƙoƙari, kuma da zuciya ɗaya ta yi.

Yaya ta sa tabarau ta matsa kusa da allon. Ta kalla ta sake kalla.

"Wannan baiwar Allah uwar wani ce," ta ce. "Ba ni wancan."

Aka miƙa mata takardar, ko gama bushewa ba ta yi ba. Ta riƙe ta da hannu biyu. Can sai kafaɗunta suka fara girgiza, Mai Hoto ya ɗauka kuka take, ashe dariya ce, da hawayen a haɗe.

"Faɗa take yi maka," ta ce. "Ina tsaye a bayanka ranar. Cewa take, kai Auta, in ka gama wasan banzan nan ka je ka ɗebo mini ruwa." Ta faɗe shi da irin muryar Inna sak, har da yadda take jan ƙarshen magana, muryar da shi kansa bai san ya manta da ita ba sai da ya ji ta.

Ya juya yana gyara kyamarorin da ba su buƙatar gyara, don kada 'yarsa ta ga idonsa. Daɗi ne ya cika shi, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

"Kawo in sa miki a gilashi, Yaya," ya ce.

"Ni ba na ba wa kowa aron komai," ta ce. Ta naɗe hoton a gefen mayafinta ta rungume a ƙirji. "In kana son naka, koma ɗakin duhunka ka wanko wani."