Faifan Turai a Kan Fankar Shugaban Makaranta

Malam Surajo, malamin kimiyya a wata sakandare a Kiru, ya daɗe yana zana da'ira da alli yana bayanin yadda abu ke juyawa, ɗalibai kuwa na ta gyangyaɗi. Shi a ganinsa laifin allo ne.

Maganin matsalar kuwa na nan rataye a ɗakin matarsa Turai, tsakanin kwanukan jerenta: wani faifai mai ƙyalli kamar madubi, wai shi sidi. Mahaifiyarta, Hajiya Asibi, ita ta kawo mata shi tsaraba daga Makka, ta ce akwai murya a ciki, ta adana har ranar da injin kunna shi zai iso garin. Injin bai iso ba Hajiya ta rasu. Tun daga nan kullum safiya sai Turai ta goge shi da gefen zaninta.

Ran nan ta tafi suna Kafin Maiyaki, Malam ya lallaɓa ya zura faifan a aljihu. Aro ne, in ji shi, ko da yake mai abin ba ta sani ba.

Ya roƙo fankar tebur daga ofishin shugaban makaranta, ya cire fukafukanta, ya kwantar da ita rigingine. Ramin faifan ya fi ƙarfen fankar faɗi, sai gogan naka ya cike shi da totuwar masara, yana yaba wa kansa basira. Ya manna ƙwayar dawa biyu da ɗan ƙaro, ɗaya kusa da tsakiya, ɗaya a baki.

"Tare za su gama zagaye," ya ce, "amma ta bakin hanyarta ta fi nisa, dole ta fi gudu. Duk abin da ke juyawa kuwa so yake ya miƙe. Riƙe shi aka yi."

Ya murɗa lamba ɗaya. Faifan ya fara walwali, can ƙwayar bakin ta fizge ta daki allo. Aji ya kaure da tafi, har masu barcin baya suka miƙe. Malam bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma da mai hankali ne da nan ya tsaya. Ina! Kai ya kumbura, ya murɗa lamba uku.

Totuwa ta marmashe. Faifan ma ya bi dokar da Malam ya gama karantarwa, ya miƙe sambal ya gwabza wa bango karo, ya dare biyu.

Da Turai ta dawo ta tarar da shi tsugune a ƙofar ɗaki, gutsattsarin a tafin hannu. Kunya ta ishe shi, duk da haka bakin bai daina ba. Ya soma da cewa ai gudun bakin faifai ne ya fi ƙarfin totuwa.

Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa ya so ta yi. Ta karɓa, ta haɗa ɓarin biyu, ta goge su da gefen zaninta.

"Malam, ya juya sosai?"

"Ƙwarai kuwa," ya ce, har da ɗan alfahari, don hali ba ya ɓuya.

"To da yana juyawar, me ka ji ya ce?"

Malam Surajo kuwa, shi dai tafin ɗalibai kawai ya ji.