Zuwairatu Tana da Gida

Wata bakwai ke nan Zuwairatu tana kwana a aji uku na wata firamare da ke gefen garin Batsari, ita da surukarta Nusaiba da jikoki mata biyu. Akwai wasu iyalai huɗu a ajin, an raba tsakani da zannuwa a kan igiya. Kanta yana daidai ƙarƙashin allo, inda har yanzu akwai rubutun alli da ba wanda ya damu ya goge.

Daga wani ƙauye suka zo, can bayan Babban Duhu a ƙasar Safana. 'Yan bindiga sun shiga da hantsi ranar wata Laraba, suka kora shanu, suka cinna wa rumbuna wuta, suka kashe mutum tara. Ɗaya daga ciki Yusha'u ne, mijin Nusaiba, ɗan Zuwairatu na fari. Shekara talatin da huɗu tana kunyarsa irin ta ɗan fari, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa, ko "uban yaran nan". Ranar da ya rasu ba ta yi kuka ba, kuma har yau ba ta yi ba. Ba dauriya ba ce. Ta nemi kukan ta rasa inda yake. Ana ba ta tuwo ta ci, a ce ta matsa ta matsa.

Yanzu kuma an ce makaranta za ta buɗe nan da mako uku, a kwashe kaya.

Malama Mardiya ce ta kawo mata maganar. Malamar makarantar ce, 'yar Funtuwa da aka turo aiki, mace mai saurin tafiya da saurin fushi, wadda ta ɗauki zancen 'yan gudun hijira ta ɗora wa kanta ba wanda ya aike ta. Ta durƙusa ta gaida Zuwairatu, ta tambayi kwanan yara, sannan ta zaro wata takarda daga jaka.

"Inna, kin tuna samarin da suka zo da rani suna rubuta sunaye?"

"Na tuna."

"Me suka tambaye ki?"

"Sun ce ina da gida."

"Kika ce me?"

"Na ce ina da shi."

Mardiya ta dafe kai. Haka kowa ya ce. Mutum ɗari huɗu da wani abu aka tambaya, a azuzuwa da zaurukan mutane da shagunan da ba a gama ginawa ba, kowa ya ce yana da gida. To, da me za su ce? A ƙasar nan ka dubi dattijo ka tambaye shi ko yana da gida, ai kamar ka tambaye shi ko yana da uba ne. Wanda ya tsara tambayar da Turanci ya tsara ta a ofis mai sanyi, wani ya juya ta zuwa Hausa a gurguje, samari suka hau babura suka yi ta saka alama. Takarda ta koma Katsina tana cewa babu marar muhalli ko ɗaya a nan, baƙi ne kawai suka zo wurin 'yan'uwa.

"Jibi akwai taro a Safana," in ji Mardiya. "Mutanen kasafin kuɗin jiha za su zo jin bukatun jama'a. In suka sa gina muku matsuguni a kasafin baɗi, an ce za a bar muku azuzuwan baya har a gama. In ba su sa ba, a takarda ku masu gida ne, mai gida kuwa sai a ce ya koma gidansa. Ina so ki tashi a gabansu. Kalma huɗu kawai, Inna: ba ni da gida."

"To."

"Faɗi in ji."

"Ba ni da gida," in ji Zuwairatu, kamar mai maimaita sunan magani. Ba ta ji komai ba. Mardiya ta sa ta faɗa sau uku, ta faɗa.

Ranar taron suka hau bayan a-kori-kura tare da buhunan gero da wata akuya. Zuwairatu ba ta dubi hanya ba, duk da kuwa ita ce hanyar da ta biyo da su ranar da suka gudo. Ƙafarta take kallo.

Ɗakin taron ya cika tun kafin azahar. Wanda ya taɓa zuwa irin wannan taro ya san yadda yake: kujerun roba, ruwan leda, lasifika mai kuka, da gaishe-gaishen manya da ke cinye rabin yini. Wani ya nemi kwalbati. Wani ya nemi taki, aka tafa. Wani shugaban matasa ya yi minti ashirin yana godiya, ya zauna bai nemi komai ba. A kan tebur akwai wani jami'i, Alhaji Ubaidullahi, mutum mai furfura da tabarau, yana rubutu a hankali. Ba mugu ba ne. Ya gaji ne, kuma ya yarda da takarda fiye da yadda ya kamata.

Da aka zo kan Mardiya, ta yi bayani tiryan-tiryan. Ta faɗi yawan mutanen da ke kwana a azuzuwa, ta faɗi yaran da tari ya kama, ta ce a ware kaso a kasafi don gina ɗakuna da kuma taimakon masu haya kafin a fitar da su titi.

Alhaji Ubaidullahi ya jira ta gama, ya ɗaga wani kundi.

"Malama, na ji ki, kuma Allah ya saka. Amma ni ba zan iya kai bukata gaba ba sai da hujja. Ga ƙidayar da aka yi. Mutanen da kike magana a kai da bakinsu suka ce suna da gida."

"Ga ɗaya daga cikinsu, ranka ya daɗe. A tambaye ta."

Aka kamo hannun Zuwairatu aka kai ta gaba. Wani ya riƙe mata abin magana a baki. Alhaji ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi sunanta, ya bi kundin da yatsa har ya same shi.

"Baba, tambaya ɗaya ce. Kina da gida?"

Kalmomin huɗu suna nan a bakinta, ta san su. Ta dubi Mardiya, ta dubi bango.

"Ina da gida."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Mardiya ta runtse ido. Wata biyu tana bin ofisoshi, ga shi tsohuwa ta rushe komai da kalma uku. Alhaji ya ɗan buɗe hannu, alamar kin gani. Har ya kai hannu zai rufe kundin, sai dai ya tambaya, don kada a ce ya yanke wa dattijuwa magana.

"A ina yake?"

Ta faɗi sunan ƙauyen. Muryarta ba hawa ba sauka.

"Ɗaki ukku ne. Biyu sun ƙone, guda na nan ba rufi. Akwai dalbejiya bakin ƙofa. Da za mu taho na ja ƙyauren na ɗaure da igiya, don sun karya kwaɗon."

"Akwai wanda ke zaune ciki yanzu?"

"Akwai."

"Wa?"

Mai riƙe da abin magana ya sauya hannu.

"Yusha'u," ta ce.

Sunan ya fito mata baƙo a baki, kamar ta ari harshen wani. Ta tsaya ta saurari yadda lasifika ta kai shi ƙarshen ɗaki.

"Ɗana ne. Ranar ba a iya kai kowa maƙabarta ba, 'yan bindigar suna nan bakin daji. Tsofaffi ukku suka haƙa mashi tsakar gida, kusa da turmi. Nan muka baro shi." Ta gyara mayafi. "Malama ta ce in ce ban da gida. Na koya, wallahi na koya. Amma in na ce ban da gida, to shi ina yake kwance? Cikin daji ke nan na yar da shi?"

Ba wanda ya tafa. Wani dattijo a layin gaba ya ce innalillahi a hankali, ya sunkuyar da kai.

Alhaji Ubaidullahi ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, bai dubi kundin ba.

"Baba, jiya a ina kika kwana?"

"Aji ukku."

"Shekaranjiya fa?"

"Nan."

"Tun yaushe?"

"Tun kaka."

Ya juya ga jama'a ya ce duk wanda jiya ya kwana a inda ba nasa ba ya ɗaga hannu. Da farko babu. Sai wata mata can baya ta ɗaga, sai wani mai rawani, sai hannuwa suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, masu su suna kallon ƙasa. Alhaji ya fara ƙirgawa, ya bari. Ya ce da magatakardansa a rubuta bukatar Malama a sahun farko, a kuma sake ƙidaya cikin makon nan, da wannan tambayar, ba waccan ba. Bai yi alkawarin gini ba, ya ce shi mai kai saƙo ne, amma zai rubuta wa makarantar a dakata da fitar da kowa. Mardiya tana kuka a fili, ba ta ko share ba.

Zuwairatu tana tsaye inda aka ajiye ta. Ta ji an ce ba za a fitar da su ba, ta san abin murna ne, ta jira murnar ba ta zo ba. Idonta yana kan hannun Alhaji. Ya ɗauki biro, ya koma kan layin sunanta, inda samarin nan suka sa alama a gaban "tana da gida", zai ja layi a kai.

"Alhaji."

Ya ɗago.

"Rubuta aji ukkun a gefe," ta ce. "Wancan kada ka soke shi."

Ya dube ta, ya dubi layin. Ya matsar da biron gefe ya rubuta a ɗan filin da ya rage. Ta tsaya har ya gama, ta leƙa duk da ba ta iya karatun boko ba, ta ga alamar tana nan yadda take. Sannan ta koma ta zauna.