Kofunan Jibi

Kofunan suna kallon sama. Maman Tagwaye kuwa kife su take yi, shekara goma sha tara ke nan, duk Asabar bayan ta wanke su domin Jibin Ubangiji a coci. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina. Ƙamshin lemo. Sabulunta ba ya ƙamshi.

Sau uku ke nan tana samun haka da safiyar Lahadi. Wani yana sake wankewa a bayanta.

A cikin wata biyar mijinta ya rasu a hatsarin mota, shagonta na ɗinki ya ƙone, sannan ƙuraje suka feso mata a hannu har gwiwa. Da farko matan coci sun yi ta zuwa gaisuwa. Daga baya sai su gaishe ta daga bakin ƙofa, idonsu yana yawo a ɗakin.

Lahadin da ta biyo ta yi sammako. A ɗakin bayan coci ta tarar da matar Fasto tana ɗauraya, Auta, ƙanwar Maman Tagwaye uwa ɗaya uba ɗaya, tana gogewa.

"A'a, Yaya! Yau ke kika tashi zakara?" in ji Auta, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Maman Tagwaye ta ce, "Likita ya ce ba a ɗaukar ƙurajen nan. Na nuna muku takarda."

"Ba maganar ƙuraje ba ce," in ji matar Fasto, tana yarfe hannu. "Zauna mana. Ke ma kin ji ana karantawa, albarka ga mai biyayya, la'ana ga mai kaucewa, a gida da gona da jiki. Abu uku a jere, 'yar'uwa. Dattawa suna tambaya. In akwai abin da kika ɓoye, ki faɗa musu, a yi addu'a, ki ci gaba da aikinki. In ba haka ba, kin san abu mai tsarki ne."

"Na kuma ji an karanta na mutumin da ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya, bai yi komai ba. Abokansa ne aka tsawata wa."

Auta ta ajiye tawul. "Shi ai an rubuta cewa bai yi komai ba, Yaya. Ke wa ya rubuta miki?"

Maman Tagwaye ta dube ta. Yarinyar da ta goya. Ta binciki zuciyarta kamar yadda take yi kullum tun rasuwar, ta samo ƙananan abubuwa irin na kowa: tsaki, gulma, ɗinkin da ta yi alkawarin ƙarya a kansa. Ko ta ƙirƙiro musu wani babba ne, su bar ta?

"Dattawa suna ofis yanzu," in ji matar Fasto a hankali. "In raka ki?"

An fara kaɗa ƙararrawa. Maman Tagwaye ta sauke hannun rigarta har wuyan hannu, ta bi ta cikin coci, ta wuce bencinta na layi na uku, ta fita ta ƙofar gefe, ta kama hanyar gida.