Robar Gilashin Motar Dallatu

Shekarar da fari ya maimaita, kowa a ƙauyen nan na gefen Makoda akuya yake sayarwa ya sayi hatsi. Shi kuwa Dallatu gonarsa ya sayar, ya jawo wata tsohuwar motar soja daga gwanjo. Mutane suka ce ya zautu. Amma yana da dalilinsa: Alhaji Tasi'u mai fataucin hatsi ya yi masa alkawarin dakon masara daga kudu, muddin motar ta hau titi kafin ruwan farko. In ta wuce haka, wani zai ba. Gidan Dallatu kuwa babu komai a rumbu sai ƙaiƙayi.

Inji ya tashi, birki ya kama, tayoyi sun sha faci. Abin takaici, wai roba ce ta durƙusar da wannan shirgegiyar mota! Robar nan da ke zagaye gilashin gaba, ta riƙe shi ta kuma hana ruwa shiga, ita ce ta marmashe kamar tsohon ƙuliƙuli. Babu roba, gilashi ba ya zama. Babu gilashi, ko shingen 'yan sanda na farko ba za a bar shi ya wuce ba.

Ya shiga Kano neman robar, ya yi Ƙofar Ruwa, ya yi Sabon Gari, har takalminsa ya tsinke. Wani mai kayan gyara ya yi masa dariya ya ce, "Haba Malam, motar nan ai ta girmi ubana. Kayan motar bana ma ba sa shigowa, balle nata." Ya dawo ya yanka tiyub ya gwada. Ana tada inji gilashin ya kama rawa zai faɗo, da ƙyar ya tare shi da ƙirji.

Sai a Rijiyar Zaki, a wani fili da ake zubar da matattun motoci, ya ga irin tasa sak, kaji na ƙwai a mazaunin direba. Robarta na nan ba ta gutsure ba, sai dai ta bushe ƙamas, kana lanƙwasa ta za ta tsage. Ya saya, aka cire masa a hankali, haka ya rungumo ta har gida, ko jingina bai yi ba a cikin bas.

To, Dallatu jikan dukawa ne, ya san maganin busasshiyar fata: mai. Ya leƙa ɗakin matarsa.

"Luba, ina man gyaɗar nan?"

"Malam, shi ke nan fa ya rage. Saboda miyar yara nake lallaɓa shi."

"Kawo. Motar nan ta tashi, tulu zan cika miki."

Ta miƙo kwalbar. Ya zauna a inuwar zaure ya mulke robar tas, har da tatse ɗigon ƙarshe. Wallahi ta yi laushi, tana ta ƙyalli. Don kada rana ta taɓa ta, sai ya shimfiɗa ta a cikin rumbu ya rufe, wai ta ƙara shan mai. Kai, Dallatu! A shekarar da ɓera ke cin sabulu, ka kai masa man gyaɗa har ɗakinsa?

Da safe ya buɗe rumbu yana fara'a. Ƙamshin gyaɗa ne ya fara tarbarsa, sannan baƙin gari-gari a ƙasa. Ya durƙusa yana tsintar guntayen yana jerawa, ko za su haɗu. Mafi tsawonsu bai kai tsawon yatsa ba. Ya san babu wata. Ya zagaye Kano kaf, ita kaɗai ce.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," yake ta faɗa. Ƙato da shi, sai ga hawaye. Tsoro ne ya kama shi, tsoron abin da gidan nan zai ci.

Luba ta zo ta tsaya a bayansa, da ludayi a hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi ya fi masa sauƙi. Ta daɗe tana kallon guntayen, sannan ta ce a hankali, "Malam, da ka bar wa yaran sun lasa."