Haƙoran Moster Thyra

Shekara goma sha tara Ebbe Krogsgaard ya yi yana leƙa bakin mace ɗaya, ko sannu ba ta taɓa ce masa ba. Ba laifinta ba ne, shekara dubu bakwai ke nan da mutuwarta. A gaɓar teku aka haƙo ƙwarangwal ɗinta, can arewacin Jutland, aka kawo ƙaramin gidan tarihin da yake aiki, aka ba ta lamba, shi kuma aka ba shi ita. Matarsa, kafin ta tattara kayanta ta tafi, cewa ta yi shi ma lambar ya kamata a liƙa masa.

A haƙoran gaba na matacciyar akwai wani ɗan kwarmi siriri mai santsi, ya karkata hagu. Ebbe ya ce sawun aiki ne: zaren ɓawon itace take ja ta tsakanin haƙora, tana tausasa shi kafin ta tufka igiyar tarkon kifi. Manyan masana na birni suka ce yashi ne a abinci, ko tsinken sakace. Kullum tambayarsu ɗaya, ina bakin mai rai da za a gwada da shi? Yanzu ga takarda ta iso: ƙarshen wata za a rufe ɗakinsa, a kwashe ƙasusuwan zuwa ma'ajiya, sai fa in ya kawo hujjar da ido zai gani.

Abin haushi, bakin yana nan cikin danginsu. Har Greenland ya rubuta wasiƙu yana cigiya, bai tuna da bakin da ya sha zaginsa yana ƙarami ba. Moster Thyra, ƙanwar mahaifiyarsa, shekara tamanin da uku, ita kaɗai ta rage a tsibirin Læsø mai tufka da haƙori. Ya buga mata waya.

"Moster, nan da sati uku ina tafe da kyamara. Haƙoranki zan ɗauka."

"Haƙorana? A jarida za ka sa?"

"A littafi. Duk duniya za ta gani."

Ta ce, "To, Allah Ya kawo ka."

Ya ajiye wayar yana jin kansa gwani wajen iya magana da tsofaffi.

Ranar ya sauka daga jirgin fito da kyamara da danƙon ɗaukar siffar haƙori, ruwa na tsuga. Ta buɗe ƙofa sanye da rigar zuwa coci, an gyara mata gashi. Ta yi masa murmushi. Haƙora ne jere reras, farare tas, kamar tayil ɗin banɗaki.

"Shigo mana, Malam Dakta, ka tsaya kamar an dasa ka. Kofi zai huce."

"Moster... ina naki?"

"Waɗannan na wa ne? Na fasto?"

"Tsofaffin nake nufi."

"Likita ya zubar mana. Tara suka rage dama, shekara ashirin yana bina in bari ya cire, ina ƙi. Kai ka ce duniya za ta gani. Sai in bar duniya ta ga bakina kamar shingen da iska ta karya? A tsibirin nan ba a shiga hoto da kayan aiki, uwarka ba ta koya maka ba?"

Ebbe ya zauna, bai ma cire rigar ruwa ba. Ya nemi tsofaffin hotuna, ta ɗauko akwati guda. Bikin aure, suna, jana'iza, shekara sittin na hotuna, a kowanne Thyra ta tsuke baki gam don kada a ga kwarmin. Ya kira asibitin haƙoran. Wata murya mai fara'a ta ce tun ranar Talata aka ƙone, haka doka ta ce.

"Ci burodi," in ji Thyra. "Ka rame, sai tumbi."

Dabara ɗaya ta rage masa. "Ko aikin ma ki yi in ɗauka, su ga yadda zaren ke bi."

"Wannan ai ko ina barci."

Ta jawo bokitin da ta jiƙa ɓawo, ta zaro sili ɗaya, ta ciza, ta ja hagu kamar yadda ta saba tun tana 'yar shekara tara. Haƙoran roba na sama suka biyo zaren, suka faɗo kan tebur kusa da man shanu.

Ta mayar, ta sake. Suka sake fitowa. Karo na uku ta danne da babban yatsa, zaren ya zame, bai ko tausasa ba.

"Likita ya ce zan iya cin tuffa," ta ce a hankali. "Ban tambaye shi zare ba."

Ebbe ya dubi zaren. Da ya ƙara jimla ɗaya a waya, da ya ce mata lalacewar ce yake so, da yanzu tana tufka tana zaginsa.

"To ɗauki hoton mana," ta ce. "Na sha wuya a kansu."

Ya ɗauka. Ya fito da kyau ƙwarai. Ta miƙe, ta ciccibi bokitin da hannu biyu, ta ƙi yarda ya taya ta, ta fita cikin ruwan sama ta juye shi can bayan gidanta.