Dukushin Gajere

Daga cikin dawaki huɗu da Gajere yake da su a ƙauyensu na bayan Rabah, dukushi guda ne 'yan bindiga suka bar masa, shi ma don ya tsere cikin gero ne. Da shi ya yi gudun hijira zuwa Lahodu, gidan 'yarsa Sauda.

Wata safiya ya ja shi bayan gari, ya ɗaura doguwar igiya a ragamarsa don ya fara koya masa kewaye. Ya tsaya a tsakiya yana kaɗa tsumagiya, yana lallashi. Da farko dukushin ya toge, sannan ya soma takawa a hankali, har ya kusa cika zagaye guda.

Sai wani babur ya wuce a kan hanya. Dukushin ya zabura, ya fizgi igiya, ya ja tsohon a ƙasa har tafin hannunsa ya saluɓe. Can gefe dukushin ya tsaya yana makyarkyata, jiƙe da gumi.

Sauda ta rugo daga bakin rijiya. "Baba, ka bari sai gobe."

"Gobe mi za ya sake?" in ji Gajere. "Ƙarar nan yaj ji ranar da anka tahi da uwatai. Ni ma ban daina jinta ba."

"Zai saba, Baba."

"In ya saba, ina za mu tahi?"

Gajere ya naɗe igiyar a kafaɗa, ya kama ragama da hannun hagu, suka koma gida.