Wurin Inna

A garin su Eufemia ba a tambayar mace inda take haƙar piyanguwa, ƙumbar nan ta cikin taɓon bakin teku. In ka tambaya za ta nuna maka gabas da fara'a, ta tuƙa kwalekwalenta yamma. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya. Tarbiyya ce.

Sai ga Malama Yurani daga jami'a, da kwalabe da madubin duba ƙwayoyi. Ta ce akwai wasu 'yan halittu a ruwa, sirara kamar allura, ido ba ya ganinsu. Wasunsu na da dafi: piyanguwa ta sha su, mutum ya ci piyanguwa, tunani ya tafi. Ta shimfiɗa taswira, ta ce kowace mace ta nuna wurin haƙarta a auna ruwan. Mata suka nuna, har da rige-rige. Eufemia ta ɗora yatsa kan wani mashigi da ko a mafarki ba ta taɓa zuwa ba.

Taswira ta fito koriya shar, alamar ko'ina lafiya. Aka yi tafi.

Ana nan sai Nicasia, yayar Eufemia, ta ci shinkafa da miyar kwakwa da piyanguwar da suka haƙo tare. Eufemia soyayyen kifi ta ci ranar. Nicasia ta sha amai har aka kai ta asibiti. Da ta dawo sai ta riƙa tambaya ko an sauke abinci, alhali cokali na hannunta.

Malama ta zo gida, ta tambayi Eufemia. "Baba, daga ina aka haƙo?"

"Ai na nuna miki."

"Ruwan can lafiya lau yake."

"To, mun gode Allah."

Amma Eufemia ta tsorata ƙwarai, don kwandon da za ta kai kasuwa daga inda suka haƙo wadda Nicasia ta ci ya fito. Wurin kuwa na mahaifiyarsu ne, su biyu kaɗai ta nuna wa, sai da ta sa suka rantse ba za su faɗa wa kowa ba.

"Yaya, in nuna mata wurin Inna?"

Nicasia ta dubi kwanon abincinta, ta ce, "Nuna mata." Can an jima ta ce, "Wace ce wannan mai kwalabe?"

Eufemia ta juye kwandon a rami, ta kai Malama da kanta. Aka ɗebi ruwa, aka duba, alluran nan fal. Aka ɗiga jan ɗigo a taswira, aka manna a ƙofar coci, inda duk garin ke wucewa. Wata maƙwabciya ta ce, "Kai! Ashe nan ne? Ni ina can gabas ina shan cizon sauro."

Nicasia ba ta mance abin da ya wuce da daɗewa ba, sabo ne ba ya zama. Kullum da safe sai ta jawo ƙanwarta gefe, ta rage murya.

"Ke, kada fa ki faɗa wa kowa wurin Inna."

Eufemia takan miƙa mata kofi, ta ce, "Ba zan faɗa ba, Yaya."